Ƙwaya Ɗaya Bayan Sallar Isha'i

Takardar gwajin tana cikin littafin bashin Yaya, a ninke gida huɗu, bakin ninkin har ya koma ruwan ƙasa. Ni na tsince ta ranar da muke neman tsohon katin asibitinsa. Ta shekarar 2013 ce. A shekarar ne matarsa ta haihu ta zubar da jini, aka ce 'yan'uwa su kawo agaji, Yaya ya miƙa hannu aka ɗiba aka gwada, aka ce nasa ba zai yi ba, yana da ciwon hanta nau'in B, wanda ake kira hefataitis B. Iyakar abin da aka gaya masa ke nan, sai wani ma'aikaci da ya biyo shi bakin ƙofa ya ce ya rage cin mai da nama. Ya bar kilishi na wata biyu, ya sha wani jiƙo da abokinsa ya kawo masa, ya ji shi garau, don dama garau ɗin yake. Ya ninke takarda ya jefa cikin littafi. Shekara takwas tana nan.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, mu bakwai ta haifa, ni ce ta biyar. Gyaɗa da wake da riɗi yake saye da sayarwa a kasuwar Dawanau. Tun da Baba ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya biya min kuɗin karatun koyarwa, kuma tun daga ranar da na fara shiga aji bai sake kirana da sunana ba sai Malama, rabi girmamawa rabi tsokana. Inna kuwa, irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yayanku" take cewa, in ya shigo gaishe ta ma kai take kawarwa ta amsa a gajarce.

Da daminar 2021 ya fara cewa abinci ba ya masa daɗi, kuma yana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama kamar an ajiye masa dutsen guga. Aka ce olsa. Aka ce taifot, har sau uku ana masa allurarta. Da idonsa ya fara rawaya mata suka ce shawara ce, aka dafo saiwar rawaya da sabara. Mu ba mu tsorata ba sai da kaka ta yi, motoci suka fara shiga ƙauyuka ɗaukar sabuwar gyaɗa, Yaya ya ce yaransa su tafi shi ba zai iya ba. Mutumin da shekara ashirin bai taɓa bari wani ya taya masa gyaɗa ba.

A watan Nuwamba muka kai shi wani asibitin koyarwa. Ina tsaye a ɗakin hoton ciki, na ga mai ɗaukar hoton ya daina hira, ya daɗe yana goga abin a wuri ɗaya, sannan ya fita ya kira wani. Daga nan aka tura mu hoton siti, wato hoton na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, da gwaje-gwajen jini, ciki har da wanda ake kira AFP, wanda yakan hau idan akwai sankara a hanta. Nasa ya yi hawan da ko ni da ban san kan abin ba na ga lambar ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata a takarda.

Likitan hanta da ya gan mu bai yi mana kwana-kwana ba, Allah ya saka masa. Ya juya bayan wata takarda ya zana hanta, ya zagaye wani babban wuri a dama ya rubuta santimita 9, ya ɗiga wasu ƙanana guda huɗu, biyu daga ciki a ɓangaren hagu.

"Alhaji, wannan ƙari ne, kuma sankara ce. Ba za mu iya yanke ta ba."

Yaya ya ce, "Likita, ko Indiya?"

"Ko Indiya. Da guda ɗaya ce a gefe ɗaya, kuma sauran hantar lafiyayyiya ce, da sai a yanke, don hanta tana tofowa. Taka ta bazu gefe biyu, sauran naman kuma ciwon ya daɗe yana cinsa har ya yi tauri ya yi tabo. In aka yanka, abin da zai rage ba zai riƙe ka ba."

Na tambayi dashe, don na ji ana yi a Indiya da Masar. Ya ce dashen hanta yana da ƙa'ida: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko waɗanda ba su wuce uku ba kuma kowanne bai wuce santimita 3 ba. Wanda ya haura haka, ko an dasa masa sabuwa sankarar takan dawo. Sai ya jawo takardar magani ya rubuta abu ɗaya: tenofobir, miligiram 300, ƙwaya ɗaya kullum.

Yaya ya karɓa ya duba gaba da baya. "Wannan ce za ta narkar da ƙarin?"

"A'a. Ba ta taɓa ƙarin ko kaɗan. Abokan gaba biyu ne a hantarka. Ga sankarar, ga kuma ƙwayar cutar da ta haifar da ita, wadda har yanzu tana nan tana hayayyafa tana cin ɓangaren da ya rage maka. Da wancan ɓangaren kake rayuwa. Shi ke tace maka jini, shi ke sa jininka ya daskare in ka ji rauni, shi ke hana guba hawa kanka. Mutane da yawa masu irin ciwonka ba girman ƙarin ke fara kayar da su ba, gazawar sauran hantar ce. Wannan maganin shi zai tsare maka ita, kuma sai tana da ƙarfi za mu iya gwada wani maganin a kan sankarar."

Yaya ya yi shiru, can ya ce, "Na gane. Kamar ƙwayar da muke jefawa a buhun wake ce. Wanda ƙwaro ya riga ya huda ya hudu, sauran take tsarewa."

Likita ya ajiye biro ya ce shekara nawa yana wannan bayani bai taɓa samun misalin da ya kai wannan ba. "Sai dai bambanci ɗaya, Alhaji. Taku kashe ƙwaron take yi. Wannan danne shi take yi. Ranar da ka daina sha zai tashi, kuma yakan tashi da fushi. Kada ka daina ba da sanina ba."

Da ya tambayi sana'arsa ya ji gyaɗa ce, sai ya gyaɗa kai. Ya ce akwai wata guba da ake kira afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba ko aka ajiye su a danshi. Ita kaɗai tana iya jawo sankarar hanta, in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B kuwa haɗarin ninkuwa yake yi sosai. Yaya bai ce komai ba sai a mota. Ya ce shi wuni yake yana tauna gyaɗa don ya ji bushewarta, kuma ya san inda baƙar gyaɗar da ake tsincewa take zuwa. Ba zubarwa ake yi ba. Da araha ake sayar da ita, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli, yara su saya a ƙofar makaranta. Makarantar da nake koyarwa ma akwai mai tallansa.

Daren nan ban yi barci ba, na kwana ina bincike a waya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne binciken da aka yi a Najeriya a 2018, wanda ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da cutar. Na ƙirga malaman makarantarmu, mu ashirin da biyar ne, na ce ke nan ba mamaki biyu daga cikinmu. Ban kawo kaina a lissafin ba. Na kuma ga cewa wanda aka san yana da cutar kuma yana cikin haɗari, ana so a riƙa duba hantarsa da hoto duk wata shida, don a kama ƙari tun yana ƙarami ana iya cire shi. Wata shida-shida a shekara takwas, hoto goma sha shida ke nan. Ko ɗaya ba wanda ya ce masa ya yi. Har yau in na tuna ma'aikacin nan da ya ce a rage mai da nama, sai na yi ta istigfari don kada in yi masa mugun fata. Wataƙila shi ma iyakar saninsa ke nan.

Likita ya ce duk wanda ya fito ciki ɗaya da Yaya ya zo a gwada shi, da matarsa da 'ya'yansa. Yaya da kansa ya tara mu ya ce abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba, kowa ya je. Mu huɗu muka je cikin ƙannensa shida. Biyu muka fito da ita, ni da mai bi masa. Matarsa an ga alamar ta taɓa kamuwa jikinta ya kore ta, wanda aka ce haka yake faruwa ga mafi yawan wanda ya kamu yana babba. Jariri ne ba ya iya korarta: cikin goma da suka kamu a lokacin haihuwa, wajen tara takan zauna musu har girma. Inna kuwa muka ce mata gwajin suga ne. Tana da ita. Muka haɗa baki muka ɓoye.

Watanni ukun farko sun yi mana daɗi har muka fara ruɗar kanmu. Ya zaɓi bayan sallar isha'i ya zama lokacin shan ƙwayar. Rawayar ido ta ragu, ya koma cin tuwo, gwajin yawan ƙwayar cutar a jini da ya fara da miliyoyi ya sauko ƙasa sosai. Da likita ya ga hantar ta ɗan farfaɗo sai ya kawo maganar sorafenib, maganin da ke rage wa sankarar gudu. Nan ma bai ɓoye ba, ya ce a babban gwajin da aka yi wa maganin, abin da ya ƙara wa mutane a tsakaice bai kai wata uku cikakku ba, ga tsada. Yaya ya sayar da filinsa ɗaya. Wata biyu da 'yan kwanaki ya sha, tafin hannunsa da na ƙafarsa suka yi ja suka sale har ba ya iya taka ƙasa sai a kan tsumma, ga gudawa. Da kansa ya ce a bar shi haka, likita ya yarda. Tenofobir kuwa aka ci gaba, ana duba ƙodarsa lokaci-lokaci, don maganin yana iya taɓa ta.

Sai tsautsayi ya zo ta inda ba mu zata ba. Wata rana a watan Maris maganin ya ƙare, aka aiki yaro da kwalbar wani kemis na unguwa. Mai kemis ya juya kwalba ya ce, a gaban mutane, "Wa ke shan maganin ƙanjamau a gidanku?" Kafin magariba magana ta zaga layin. Ga mutum ya rame, ga magani, me ya rage? Matar Yaya ta kira ni tana kuka, ta ce matan da ke shigowa saye a wurinta sun ɗauke ƙafa. Gaskiyar ita ce tenofobir yana cikin magungunan da ake haɗawa a ba masu ƙanjamau, domin yana toshe hanyar da ƙwayoyin cutar biyu ke bi su hayayyafa. Shi ya sa ma kafin a fara ba Yaya sai da aka gwada shi aka tabbatar ba shi da ita, don in mutum yana da ƙanjamau ba a ba shi wannan shi kaɗai. Na yi wannan bayani har bakina ya bushe. Amma wa zai bi gida-gida yana yi?

A daidai lokacin wani ɗan'uwanmu ya kawo labarin mai maganin gargajiya da ake tallarsa a rediyo, wanda ya ce yana wanke ciwon hanta tas cikin kwana arba'in, da sharaɗin a ajiye na asibiti. Ina ganin ba don Yaya ya yarda da shi ba ne. Gajiya ya yi da maganin da mai ba da shi ya ce ba ya warkarwa, ga kuma zubar da mutunci. Wancan kuwa ya ce zai warkar. Ya daina sha bai gaya min ba. In na kira na ce, "Yaya, an sha?" sai ya ce, "Malama, ki bar ni da dubiyar aji."

Azumin 2022 ya kama a farkon Afrilu. A goman ƙarshe cikinsa ya kumbura, idonsa ya koma kamar kurkur, ya fara kwana da rana yana farkawa da dare. Daren da ba zan manta ba, wajen ƙarfe biyu aka kira ni. Na tarar da shi tsugune a tsakar gida da tiya a hannu, yana auna yashin da aka tara don gyaran katanga, yana ƙirgawa da ƙarfi, yana faɗa da wani mai saye da babu shi. In ya miƙa hannu sai tafin ya riƙa kaɗawa kamar fiffiken kaza. Bai gane matarsa ba, bai gane ni ba. Inna ta fito daga ɗakin da aka sauke ta, ta tsaya a kansa ta daɗe, sannan ta durƙusa ta kama fuskarsa da hannu biyu ta kira sunansa. Sunansa na yanka, sau uku. Shekarata talatin da huɗu a lokacin, ban taɓa ji ba. Ya ɗago ya dube ta ya ce, "Hajiya, tiya nawa za a ba ki?"

A asibiti aka ce gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta hau kansa. Aka dinga ɗura masa laktulos, wani ruwa mai zaƙi da ke sa bayan gida ya fitar da gubar, aka soka allura a gefen cikinsa aka zuƙe ruwa rawaya fatau, roba bayan roba. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta sake tashi. Na tambayi likita, barin maganin ne ko jiƙon ne? Ya ce ba zai iya rabe min ba, kowanne zai iya, kuma sankarar ma ba tsayawa ta yi ba. Bai yi faɗa ba. A ranar aka mayar da shi kan ƙwayarsa.

Kwana na huɗu, muna zaune da Inna a kan tabarma a barandar ɗakin marasa lafiya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Gwajin nan da kuka yi min ba na suga ba ne." Na yi shiru. Ta ce, "A nonona ya sha?"

Na ce, "Inna, ba a nono ake sha ba." Wannan gaskiya ce, likita ya faɗa mana. Na ce mata yana iya zama wurin haihuwa, yana iya zama askar wanzami ranar suna ko wurin cire belu ko kaciya, lokacin da aska ɗaya ke bin yara goma, yana iya zama wurin wasan yara da ƙuraje da raunuka. Ba wanda zai iya cewa ga ta inda ta shiga. Na ce allurar rigakafin ma sai 2004 aka sa ta cikin rigakafin yara a ƙasar nan, lokacin Yaya ya kusa talatin. Ta ce, "To ni wa ya ba ni?" Na ce wataƙila haka ita ma ta same ta tana cikin zani. Ta jima tana jan carbi, sannan ta ce Allah ya jiƙan Iya, wato mahaifiyarta. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ya farfaɗo a kwana na shida, ya tambayi wa ya zuba masa yashi a aljihu. Ƙarfinsa bai dawo kamar da ba, kuma duk 'yan makonni sai an koma an zuƙe ruwa. Amma hankalinsa ya dawo cif, kuma da shi ya yi aikin da ya ce shi ne ya rage masa. Ya sa aka ɗauko littafin bashi. Kullum da hantsi, lokacin da ya fi jin dama, sai a jingina shi da filo a zaure, babban ɗansa ya riƙe littafi, ni in na taso daga makaranta in karɓa. Shafi-shafi muka bi. Akwai bashin da ba a rubuta ba sai a kansa: buhu bakwai na wani mutumin Ɗambatta tun shekara uku, kuɗin wata tsohuwa da ta ba shi ajiya yana juya mata, dillalin da suka yi rigima a kan awo ya ce a kira shi a ba shi buhu ɗaya don shi yake ganin ya fi gaskiya. Waɗanda yake bi kuma ya kasa su uku, na biya yanzu, na biya bayan kaka, da waɗanda ya sa aka ja wa layi ya ce kada wanda ya sake tambayarsu. Wata huɗu muna wannan. Da a halin daren yashin nan ya tafi, da duk wannan ya tafi da shi, da mutane suna nan suna zargin juna har yau. In aka tambaye ni me ƙwayar nan ta yi masa tunda ba ta warkar da shi ba, littafin nan nake tunawa.

A cikin wannan hidima ina da ciki. Gwajina ya nuna ƙwayar cutar tana da yawa a jinina, don haka da cikin ya shiga wata bakwai aka ɗora ni a kan tenofobir don kada in ba abin da zan haifa. Kwalba iri ɗaya da tasa. Sai tsokanar ta juya. Kullum bayan isha'i wayata za ta yi ƙara, murya ƙasa-ƙasa: "Malama, an sha?" In ce an sha, Yaya, kai fa? Ya ce shi ɗalibi ne mai ladabi yanzu.

Ya rasu a watan Oktoba, da asubar wata Laraba, sabuwar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa. Kwana biyun ƙarshe barci ya fi yawa, an ba shi maganin rage zafi, amma duk sanda ya buɗe ido ya san wanda ke kansa. Wata goma sha ɗaya ke nan daga ranar da likita ya yi zanen nan. Bayan sadakar bakwai matarsa ta miƙo min kwalbarsa a ƙulle cikin leda, saura ƙwaya goma sha bakwai. Na nuna wa likita ya ce iri ɗaya ce, in sha.

Na haihu a watan Nuwamba, ranar Juma'a da dare. An riga an ja min kunne cewa allurar farko ta rigakafin dole ta shiga jikin jariri cikin awa 24, amma inda na haihu aka ce sai ranar rigakafi, mako mai zuwa. Ina kwance ko wanka ba a yi min ba na ce da maigidana ba zan bar shi ya zauna ba. Asibiti uku ya zaga a babur ranar Asabar kafin ya samu inda suka yarda su buɗe firji, aka naɗe yaron a zani aka kai shi, aka yi masa da la'asar. Sunan Yaya aka sa masa, don haka Inna ba ta kiran shi ma da suna. Da ya shekara aka gwada shi, ba shi da ita.

Ni har yanzu ina sha, likita ya ce yanayin hantata ya sa gara in ci gaba, kuma duk wata shida ina zuwa hoto, ni da wanda ke bi wa Yaya. Cikin biyun da suka ƙi gwaji, ɗaya ta je bara. Saura autanmu. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba zai je ya tono wa kansa ciwo ba, kuma in an ce yana da ita wa zai ba shi mata. Shekaranjiya na tura masa kuɗin gwajin ta waya, ya turo min da alamar dariya ya ce ya sa mai a babur.